Ginshiƙin Auta

Ciyang Mai,
9 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga Kawu Usen, gidan katako na kusa da masallaci, Tsohon Gari, tsibirin Lanta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu ma nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da kan tashi in sanyi ya ƙarato.

Kawu, ba ka san ni ba. Sunana Wanida, 'yar ƙanwarka Sapiya, ni kaɗai ta haifa. Kwatancen gidan ma guntu-guntu na tsinta daga bakinta, don haka in takardar ta faɗa hannun wani, ya taimaka ya miƙa maka.

Mahaifina ya rasu bara. Tun daga nan Inna ta canza. Shekara arba'in da ɗaya tana garin nan ban taɓa jin ta ambaci teku ba, yanzu kuwa ba ta da zance sai shi. Tana zaune a shagonmu na taliya tana yanka albasa, sai ta dubi mai ciniki ta ce masa kifin garin nan ɗanɗanon tabarma gare shi. Mutum biyu ta kora mini da wannan magana.

A makon jiya ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce duk haihuwar da aka yi wa Kaka sai ya ƙara wa gidanku tsawo cikin teku, ya kafa sabon ginshiƙi, ya sassaƙa sunan jaririn a jiki. Ita ce auta, nata ne na can ƙarshe. Ta ce ranar da ta bi mahaifina, baƙo ɗan arewa mai sayen busasshen kifi, ka tsaya a bakin gadar da jirgi ke tsayawa ka ce in ta hau jirgin nan za ka tumɓuke ginshiƙinta. Ta hau. Daga ranar ba wanda ya sake jin ɗuriyar wani.

Ba tone-tone ya kawo ni ba, Kawu. Inna tana son ganin gida, ni ma ina so, don ban san kowa a dangin uwata ba, abin kuma ya daɗe yana damuna. Amma ta ce ba za ta taka gidan da ba ta da ginshiƙi a cikinsa ba. Tambayata ke nan: yana nan?

'Yarka,
Wanida

*

Tsohon Gari, Lanta,
27 ga Oktoba

Wa alaikumus salam, Wanida.

Ni ne Sanan, ɗan kawunki Usen na uku. Ban sa miki "Yaya" ba sai kin kawo shaidar shekarunki, don na ji an ce mutanen kan dutse ƙari suke yi. Duk muna lafiya: Baba, matata Rokiyo, yara huɗu, da kwale-kwale ɗaya mai injin da ke tari kowace safiya.

Baba ba ya rubuta wasiƙa. Wai idonsa. Wannan idon ne kuma ke hango garken kifi tun mu ba mu ga komai ba, to ki auna.

Takardarki a shagon Heng mai kofi ta sauka, don nan jirgin wasiƙu ke zube kayansa. Heng ya ga tambarin Ciyang Mai, ya bar ruwa a wuta ya kawo ta da kansa, rabin layi na biye da shi. Tsoho Heng ya ce ya san Goggo Sapiya tun tana satar masa sukari. Na karanta wa Baba a gaban kowa. Ya tashi ya ɗauko raga ya hau gyara, ragar da ni na san ko huda ɗaya babu a jikinta.

Batun ginshiƙi kuwa, ai wannan ba abin tambaya ba ne. An cire shi tuntuni, tun ba a haife ni ba. Baba da kansa ya cire shi shekara guda bayan tafiyar Goggo, Heng ya ce shi ya riƙe masa igiya.

Ku dai ku zo. Damina ta kusa ɗaukewa, teku zai kwanta. Ɗakin ƙarshe yana nan, ba kowa a ciki sai tulunan Rokiyo, a kwance za ki riƙa jin ruwa na wasa a ƙarƙashinki. Rokiyo ta ce da zarar rana ta fito sosai za ta daka daddawar jatan lande ta aiko wa Goggo. Jirgi na busa ƙaho, bari in tsaya nan kada ya tafi ya bar ni da takarda a hannu.

Ɗan'uwanki,
Sanan

*

Tsohon Gari, Lanta,
22 ga Disamba

Wanida, salamu alaikum.

Lafiya dai? Ina gwiwar Goggo? Wata biyu ke nan shiru. Na ce ko takardata ce ta ɓata a hanya, Rokiyo ta ce a'a, bakina ne ya yi halinsa. Na zauna na tuna duk abin da na rubuta, ban ga laifi ba sai maganar shekaru. In ita ce, na janye. Yaya Wanida. Ga shi nan, na rubuta, kowa ya shaida.

Mu nan ƙalau. An gama rufin masallaci, kifi ya yi kyau bana, Rokiyo kuma tana ɗauke da na biyar.

Abin da ya sa na sake rubutowa, Baba ne. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cewa kofi abin shan ragwaye ne, yanzu duk ranar da jirgin wasiƙu zai iso sai ka gan shi a bencin Heng da kofi a gaba yana hucewa. Ba ya tambaya. Sai an gama rabon wasiƙu ya tashi ya ce kofin Heng ya lalace. Jiya Heng ya ce masa, "Usen, ka sha kafin ka zage shi mana."

Tare da wannan akwai ƙunshi, daddawar da aka yi alkawari. Na naɗe ta cikin ganye ninki biyar, na sa a gwangwani. In ma'aikatan gidan waya sun yi ƙorafi, ki ce ba ki san ni ba.

Ƙaninki, tunda haka kike so,
Sanan

*

Ciyang Mai,
8 ga Janairu, 1988

Wa alaikumus salam, ɗan laka.

Muna lafiya. Sanyi ya sauko, gwiwar Inna na ƙara, amma bakinta garau. Ka gaida Kawu, ka yi wa Rokiyo sannu da nauyi, Allah ya raba lafiya.

Takardarka ba ta ɓata ba. Ni na ɓoye ta, kuma kunyar faɗa nake ji. Da na karanta inda ka ce an cire ginshiƙi, Kawu ne da kansa, har kana cewa ba abin tambaya ba ne, jikina ya yi sanyi. Na ce ashe da gaske ya yi, ga ɗansa kuma yana faɗa mini cikin raha, har da wanda ya riƙe igiya. Na ji haushinka, Sanan, ba kaɗan ba. Na cusa takardar cikin gwangwanin ganyen shayi. Duk ranar da Inna ta tambaya sai in ce ba amsa tukuna, ita kuma ta ce ai tsibiri da nisa. Wata biyu ina yi wa uwata ƙarya.

Ƙunshinka ne ya tona ni. Mai kawo wasiƙa ya shigo shago yana riƙe da shi nesa da jikinsa, masu cin taliya suka fara duban juna. Inna tana can baya wajen murhu, ko leƙowa ba ta yi ba ta ce, "Wannan ta gidanmu ce." Ta fito tana goge hannu, ta buɗe, ta lakata da yatsa ta sa a baki, ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, "Wanda ya aiko wannan ya taɓa aiko takarda. Ina take?"

Na ɗauko, na karanta mata. Ina kaiwa wurin batun cire ginshiƙi sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ɗauka abin ne ya taɓa ta. Ta ce, "Ke dai 'yar dutse ce kamar ubanki. Icen da ke tsaye cikin ruwan gishiri shekara nawa kike so ya yi? Tsutsar teku tana cinye shi ta ciki, in ya kai goma ya yi ƙoƙari. Babanmu ma sau biyu ya canza nawa ina gida. Dole a cire, in ba haka ba ɗaki ya faɗa ruwa."

Na ce to me ya sa ta sa ni tambaya ko yana nan? Ta ce ita ba ice take nufi ba, ta zaci kowa ya san haka. Daga nan dariyar ta ɗauke. Ta zauna a kan buhun shinkafa ta ce, "In an kafa sabo, akan mayar masa da sunan mai shi. Ki tambaye shi sunan wa ke jikin na yanzu."

To ka ji tambayar da ya kamata in yi tun farko. Ka yafe mini shirun. Ranar da daddawarku muka yi miya, Inna ta ci har ta ƙara, ni kuwa na buɗe tagogi duka.

Yayarka,
Wanida

*

Tsohon Gari, Lanta,
25 ga Janairu

Yaya Wanida, salamu alaikum.

Alhamdu lillahi da jin lafiyarku. Mu ma ƙalau, sai Rokiyo da ƙafa ta kumbura, amma hakan bai hana ta yi mini dariya kwana uku ba. Ta ce mu biyu mun dace, mai tambayar da ba ita ba da mai amsar da ba ita ba. Wallahi ko a mafarki ban zaci akwai mai tunanin ginshiƙi yana dawwama ba. Ku naku a can ba ya ruɓewa ne?

Yanzu ga gaskiya, kuma ba za ta yi miki daɗi sosai ba: ban sani ba.

Sau biyu ina cikin masu canza na ƙarshen nan. Shi ya fi kowanne wahala, don yana can inda ruwa ba ya janyewa sai 'yan kwanaki a shekara. Mukan taru mu goma sha, mu tokare ɗaki, mu zare tsoho mu kafa sabo. Sauran ginshiƙan a gabanmu Baba ke sassaƙa sunayen, kowa na gani. Nasa ma na san shi sarai, don sunana na ƙarƙashin nasa. Gidan ya daina tsawo tun zamanin Kaka, saboda haka jikoki a jikin na iyayensu ake sa su. Amma in an zo na ƙarshen, sai Baba ya ce kowa ya hau sama. Ya zauna shi kaɗai da wuƙarsa. In ya gama ya naɗe wurin da guntun kwanon rufi, ya buga ƙusoshi. Ya ce maganin tsutsa ne. Ko suna yake sawa, ko na wa, ko ba komai, ba wanda ya taɓa gani.

Na tambaye shi jiya yana cin abinci. Ya haɗe rai ya ce, "Mai son sani ya zo ya duba." Na ce, "Baba, tafiyar kwana uku ce, ga ta da ciwon gwiwa." Ya ce, "Da ta tafi ai kwana ukun ta yi." Sai dai da safe na same shi a ɗakin ƙarshe yana fitar da tulunan Rokiyo ɗaya bayan ɗaya, wai suna yi wa katako nauyi.

Ba zan yi miki alkawarin abin da ban gani ba. Ki faɗa wa Goggo yadda na faɗa miki, kada ki sake neman gwangwanin shayi. In ta yarda, kada ku bi hutun gwamnati, ku bi wata. Ruwa zai yi babbar janyewa a farkon Sha'aban, da la'asar. Ku iso kafin nan da kwana biyu. Ni zan tarye ku a gada, haihuwar Rokiyo sai bayan nan da makonni.

Sanan

*

Tsohon Gari, Lanta,
21 ga Maris

Sanan, salamu alaikum.

Dubi inda nake rubuto maka: ɗakin ƙarshe na gidanku, kai kuma kana asibitin garin Tirang wajen Rokiyo. Wata biyar muna wasiƙa, na iso ka tafi. Mai jirgin safe ya kawo albishir, mace, uwa da 'ya lafiya. Barka, barka, Allah ya raya. Yarinyar da ta ƙi jiran makonninta ta nuna jinin gidan nan ce. Yaranka huɗu suna nan ƙalau, Inna ta riga ta fara ba su umarni. Zan ba mai jirgin takardar nan ya kawo maka, don na san zaman bai hana ka son jin labari ba.

Da na karanta wa Inna takardarka ta Janairu, washegari ta ce in nemo mata akwati. A jirgin ƙasa ba ta ci abin kirki ba. Sau biyu ta ce in babu sunan ba za ta kwana ba, a gada za ta zauna har jirgi ya dawo.

Kawu ne ya tarye mu, da sabuwar hula. Suka tsaya suna kallon juna, mutane sun yi cirko-cirko. Ya ce, "Kin tsufa." Ta ce, "Kai ina haƙoranka?" Ya ɗauki akwatinta ya yi gaba. Gaisuwar shekara arba'in da ɗaya ke nan.

Layin naku ya ba ni mamaki, Inna kuwa tafiya take tana kiran gidaje da sunayen mutanen da suka rasu. A gaban ɗakin bautar Sinawa ta tsaya ta ce an sake masa fenti, jan bai kai na da ba. Heng ya fito da gudu-gudunsa na tsufa ya danƙa mata ƙullin sukari ya ce ta ɗauka a fili yau. Nan ne na fara ganin hawayenta. Amma gidan ta ƙi shiga. Kwana biyu a gidan Heng muka kwana, wajen matarsa, Kawu na aiko da soyayyen kifi, ita tana mayar da kwano da saƙon gishiri ya yi yawa.

Jiya bayan la'asar ruwa ya tafi, ya tafi har na tsorata, kwale-kwale duk suka kwanta a gefe. Muka sauka mu uku, ba takalmi. Laka har gwiwa, ƙaguwa na gudu ta kowane gefe. Na riƙe Inna, sai na ga ita ke riƙe da ni, matar da ba ta iya hawa matakalar shago. Muka bi ƙarƙashin gidan tana karanta sunayen yayyenta ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa kowa addu'a. Na ga naka a ƙarƙashin na Kawu. Da na ɗaga kai sai na ga idanu a duk tsagar katako, unguwa gaba ɗaya ta kwanta rubda-ciki a samanmu. Na ji muryar Heng yana cewa a matsa masa.

Muka isa na ƙarshe. Ƙusoshin sun yi tsatsa, Kawu na ta fama. Inna ta ce, "Ba ni nan," ta karɓi wuƙar ta ɓanɓare kwanon da kanta.

Sapiya. Da manyan baƙaƙe, an sassaƙa da zurfi.

Ta ɗora tafin hannunta a kai. Can ta ce, "Rubutunka har yanzu kamar tafiyar ƙaguwa." Ya ce, "Sau huɗu na yi shi, ba wanda ya yi ƙorafi." Ta dubi kwanon da ke hannunta ta ce, "Usen, tsutsa ba ta hawowa nan." Ya kau da kai ya ce, "Na yi rantsuwa a gaban mutane, Sapiya. Kunya na ji su ga ban iya ba." Daga sama Heng ya ce, "Mun daɗe da sani." Katakon gidan har girgiza ya yi don dariya.

Ni ina gefe ina share ido, a zatona an gama. Sai Inna ta ce, "Wannan na ƙasa fa?" Ta kankare gishirin da ya rufe shi da farce. Ni karatun ajamina ba ƙarfi, ita ta karanta a fili: "Abin da Sapiya ta haifa."

Kawu ya ce wani ɗan kasuwa ne ya gaya masa, shekara biyu bayan tafiyarta, cewa ya ji ta haihu. Bai san mace ba ce ko namiji, bai san suna ba, girman kai kuma ya hana shi tambaya. Amma jika ba ya zama ba wuri, don haka ya rubuta abin da ya sani, duk canji kuma ya maimaita. Ya dube ni ya ce, "Sunan ya iso tun Oktoba, ruwa ne bai ba ni hanya ba. Riƙe mini hula."

Sanan, shekarata talatin da tara ina cewa ba ni da kowa a dangin uwa, ashe ina nan ƙarƙashin ɗakin tulunan Rokiyo. Na yi kuka kamar yarinya, kuma ban ji kunya ba. Ya sassaƙa a hankali, ruwa ya fara dawowa, ya kai mana idon sawu, ya kai ƙwauri, Inna na yi masa faɗa ya yi sauri, shi yana cewa ba a gaggauta suna. Sai da ya gama muka fito a jiƙe. Kwanon can muka bar shi cikin laka. Inna ta hau matakala ta shiga gidan ba wanda ya ce mata bismillah, ta wuce kicin ta ce wa ya ajiye turmi a nan.

Ni zan koma ranar Laraba saboda shago. Ita ta ce sai bayan Salla, wataƙila. Ka yi ƙoƙari ka iso kafin in tafi, in ga ko bakinka ya kai alƙalaminka.

Saƙo daga Kawu: ruwa zai sake ba da hanya sau ɗaya a tsakiyar wata, ya kuma wasa wuƙarsa. Ya ce ka zo da sunan jaririya a kan lokaci, in ba haka ba ita ma "abin da Sanan ya haifa" za ta zauna har baɗi.

Yayarka, da shaida a jikin ice,
Wanida